Ɗakin da Ba a Kwana

Ɗalibar da ke zagayawa da baƙi ta buɗe musu ɗakin da ake nuna wa iyaye, tana murmushin da aka koya mata. Gado a gyare tsaf, taga na kallon tafki da shanun maƙwabta.

Ɗakin nan ne ya yaudare ta shekara biyu da suka wuce, har ta zaɓi wannan kwalejin ta bar wadda ke bayan dutse. Yau su uku ne cunkushe a ɗakin mutum biyu, can ƙasan bene, bokiti na tarar ruwan da ke yoyo daga bututu. Takardar koke huɗu ta rubuta, shiru kake ji.

"Ka gani ko?" in ji wata uwa, tana zungurar ɗanta. "Ba irin ta bayan dutsen nan ba. Jiya ɗaki suka nuna mana duk warin safa, ko kunya babu!"

Murmushin ya gagari ɗalibar. Ta kama bargon gadon ta yaye. Babu katifa, kwalaye ne a jere.

"Mama, ku koma wurin warin safar," ta ce. "Can dai ɗakin da mutum ke kwana aka nuna muku."