Manomin da ya cike lambatu

Ga wani misali, a saurara. An yi wani manomin rani a bakin wani babban kogi, irin kogin nan da ke shayar da garuruwa tun daga tudu har gangare. Lambunsa gadon uba ne. A ƙasan lambun akwai wani tsohon lambatu mai zurfi, wanda ya ratso gonakin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta tasa, ya je ya faɗa kogi. Ba a ban ruwa da shi. Ruwan cikinsa ruwa ne da ya gama wanke ƙasa, ko akuya ta sansana sai ta kau da kai. Duk shekara masu lambu kan yi gayya su yashe shi. To, shi bawan Allahn nan iyali sun yi masa yawa, rumbu ba ya kai su kaka. In ya zauna shan fura ya dubi lambatun, sai ransa ya riƙa sosuwa: ga fili mai ɗaukar albasa jere guda, an bar wa kwaɗi suna kuka. Rannan dai ya ɗauko galma da kwando, ya shiga cike nasa ɓangaren. Wani dattijo maƙwabcinsa ya tsaya a kansa, ya ce, "Ɗan nan, baƙon da ka buɗe wa ƙofar shiga, ka bar masa ta fita." Ya ce, "To, Baba." Bai fasa zuba ƙasa ba.

Shekarar farko albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu, har yara suka yi sabon ɗinki. A ta biyu matarsa ta kawo masa abinci, ta ga bakin fangalin da aka dasa albasa ya yi fari-fari, kamar gindin tukunyar da ruwa ya ƙone a ciki. Ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana, ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Kanwa ce. Ruwa yana shiga ba ya fita, rana ta shanye shi, ta bar gishirin kwance. Shi kuwa da ya ga ganye na ƙonewa daga baki, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara sakin ruwa, kanwa ta ƙara tasowa. Sannu a hankali farin ya tsallaka kunya ya shiga gonakin maƙwabta, waɗanda ruwansu ma ya rasa hanya. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Ya komo ya tone lambatun shi kaɗai, hannuwa duk kanta, amma ƙasa ta riga ta mutu, iri ko tsira ba ya yi. Daga ƙarshe makiyaya suka fara biyo da shanu ta wurin don su lashi ƙasar. Yana zaune yana kallonsu cikin lambun ubansa, bai ko ɗaga sanda ba, don babu sauran abin da za su ɓata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.