Inji Mai Ƙofa Biyu

Kai, Shekara, kai ka cuce ni! Kwana uku ina zaune kan bencin bironku, ofishin nan na Matameye, ina jiran takardar gonata. Ranar Alhamis alƙali zai saurare mu ni da ƙanen mijina. In ban kai takarda ba, gona ta tafi. Ko gida ban iya komawa, kar a gyara injinku ba na nan.

Kullum maganarka ɗaya: "Inna, injin da ke ajiye takardu ba ya amsa sunansa."

Inji ne ko amarya, da za a kira shi ya yi shiru?

Sai yau Laraba kuka kirawo Malam Idrisa mai gyara daga Damagaram. Ya leƙa bayan injin, ya ce, "Ƙofa biyu gare shi, ramukan da ake sa waya. Sauran injuna ta ƙofar farko suka san sunansa, can suke sallama. Wani ya mai da wayarsa ƙofa ta biyu. Wa ya taɓa?"

Kuka hau kallon juna. To, ni ba ni da tsoro. Ran Litinin wayar nan ta harɗe mini ƙafa ta fita, na duƙa da ciwon bayana na mayar muku ita. Ko sannu ba wanda ya ce.

Ramuka biyu iri ɗaya, ba alama! Wa ya bar waya a hanyar tsofaffi? Ya fito ya amsa mini kwana ukuna!