Kunkurun Gidan Gado

Ruwan shuka ya sauka, ƙasar Tabotaki ta jiƙa, kunkuran maƙwabta duk sun fito suna kiwo a bakin dangogi. Na gidan Gado kaɗai ya ƙi tashi.

Tsoho ake ce da kunkurun. Gado ya gaje shi wurin ubansa, ƙato ne, har ɗansa Barmo ya sha hawan bayansa yana ƙarami. Kowace shekara in rani ya yi tsanani sai ya shige raminsa a bayan rumbu, ba ci ba sha, ba a ƙara ganinsa sai sama ta zubo. Bana kuwa shiru kake ji.

Da wata shekara ce, Gado ba zai ko waiwayi ramin ba. Amma bana aka zo ɗiban samari zuwa yaƙin Nasara, aka kira sunan Barmo, ɗansa tilo, yaron ya ɓace. Uwarsa Sabuwa ta ce ya bi fatake ya ƙetara ƙasar Sakkwato. Gardawan kumandan, wato dogaran Baturen da ke mulkin ƙasar, suka ɗaure Gado a gindin tsamiya, suka zane shi har bayansa ya fashe, sannan suka sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai san inda ɗansa yake ba. Ya rantse da zuciya ɗaya, don wallahi bai sani ba. Suka bar masa kashedi: duk ranar da yaron ya taka ƙasar nan, igiya ce a wuyan Barmo.

Tun daga nan Sabuwa ta koma wata iri. Mace mai surutu ta zama kamar bebiya. Ta hana yaran unguwa zagayawa bayan rumbu, wai kada su tashi Tsoho. Kullum sai ta kai ƙwaryar ruwa bakin ramin, wani lokaci har da ragowar fura, a shekarar da mutane ke dakan dusa su sha.

“Ke, kunkuru na shan hura?” in ji Gado.

“Sadaka ta, Malam. Ko Allah shi tsare yaron inda yake.”

Ya ƙyale ta. Me za ka ce wa uwar da aka raba da ɗanta? Ita ce fa ta yi jinyar bayansa, har ta samo masa nama a tsakiyar wannan baƙin rani, ta ce daga gidan suna aka aiko. Ya ci, ya tanɗe hannu, bai tambayi gidan wa ba.

Ran kasuwa Gado ya ji wani labari. Matar kumandan ta yi lambu, tana son kunkuru, babba, wanda baƙi za su gani su yi mamaki. Ka ji fa! Ana kwashe 'ya'yan mutane zuwa bakin bindiga, ita abin wasa take nema. Gado ya haɗiye takaicinsa ya je ya durƙusa gaban babban gardi, mutumin da ya zane shi da hannunsa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Gardin ya ce in kunkurun ya kai yadda ake faɗi, za a manta da sunan Barmo, ya dawo ya yi nomansa, ba mai taɓa shi.

Bai gaya wa Sabuwa ba. So yake ya ga fuskarta ranar da zai ce mata ta aika a kira ɗanta. Ya dinga leƙa ramin yana lallashin Tsoho kamar mai lallashin jariri, ya zuba masa ɗanyen haki, hakin ya bushe a wurin. Amma ruwan ƙwarya kullum ƙarewa yake yi, bakin ramin ma ya ƙara faɗi. Wannan ya kwantar masa da hankali: ran dabbar yana nan, barci ne ya yi mata nauyi.

Gardawa ba su iya jira ba. Da hantsi suka iso da jaki da igiya, Sabuwa na tsakar gida tana surfe. Da ta ga inda suka nufa sai taɓarya ta suɓuce mata.

“Malam, mi za ku yi?”

“Hayaƙi za mu yi mai, shi fito. Albishirinki, da shi zan fanshi yaron.”

Ta sha gabansa ta riƙe masa ƙafa. “Ya mutu! Na ce maka Tsoho ya mutu, ku bar ramin ga!”

“Matacce na shanye ƙwaryar ruwa kullum?” Gado ya faɗa yana dariya, gardawan suka taya shi.

Ta dubi mijinta, ta dubi masu bulala, ta ƙara ƙanƙame ƙafar. Haushi ya kama Gado. Yau da za a fanshi ɗanta, kunkuru take wa kuka? Ya fizge ƙafarsa, ya tura kara da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi bakin ramin, ya ƙyasta wuta, ya karɓi faifanta ya shiga fifita da dukan ƙarfinsa. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun kafin a ɗaure shi a gindin tsamiya.

Can ciki aka yi motsi. Ƙasa ta zubo. Babban gardi ya warware igiyarsa ya gyara tsayuwa.

“Ga shi nan tahe!” Gado ya yi ihu, ya sa ƙafa ya ture wutar gefe. “Fito, Tsoho, fito ka kawo mini ɗana gida.”

Sai hannu ya leƙo daga cikin hayaƙin, ramamme, yana lalube a ƙasa, wata murya ta biyo shi cikin tari: “Baba, daina, ni ne.”