Mutumin da ya mutu sau uku

Wata Juma'a bayan la'asar, a ɗakinmu na unguwar Malaz a Riyad, Baba ya shigo da kaset. Wani ɗan Filifin, abokin aikinsa a kamfanin da suke tuƙi, ya ara masa. Wai kafin ya zo Riyad yana fitowa a finafinan faɗa na ƙasarsu.

Mai shirya fim ɗin ba shi da kuɗin ɗaukar mutane da yawa. Aka harbe abokin Baba a kan gada, can sai ga shi da wata riga, an sake harbe shi.

Na ce, "Baba, ai an kashe wannan ɗazu!"

Bai yi dariya ba. Can gaba aka sake harbe abokin nasa, karo na uku. Da fim ya ƙare, ya durƙusa gaban talabijin yana bin sunaye da yatsa. Ya mayar da kaset baya, ya sake bi.

Ya ce, "Sau uku ya mutu musu, ko sunansa ba su rubuta ba."

Shekara ashirin Baba yana tuƙa kafilinsa, wato mai kamfanin, wanda ke riƙe da fasfonsa. Ranar da aka sallame shi, mutumin ko leƙowa bai yi ba. Maigadi ne ya miƙo masa fasfo ta ƙofa.