Ruwan da Magini Ya Tare

Kai da kake cewa ba ka ɗaga wa kowa hannu ba, shiri kawai ka yi ka koma gefe kana jira, zauna ka ji wannan.

An yi wani magini a wani gari da ke kan gangare. Gidansa yana ƙasa, sama da shi kuma gidan wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da awaki da tukunyar daddawa. Tsakanin gidajen akwai ɗan fili nasa, inda yake haƙar ƙasar tubali. Magini ya so ya haɗe gidan matar da nasa. Ya aika dattawa, ta ce nan aka binne cibiyar 'ya'yanta, ba inda za ta. Ya je da kansa, ta ba shi ruwa ya sha, ta maimaita masa abin da ta faɗa. Ya dawo yana murmushi, amma ya ƙullace ta.

Shi ya san abin da ke kayar da katangar ƙasa: a jiƙa mata gindi, sauran aikin ita za ta yi da kanta. Da damina ta matso, sai ya tare bakin filin ta wajen gidansa da bango, ya juya kowane indararo nasa ya fuskanci ramin. Wanda ya tambaya, ya ce ruwan kwaɓa ƙasa yake tarawa. Ruwan farko ya sauka ya taru a jikin bangon, ko kusa da katangar matar bai je ba, domin ruwa in ya kwanta ba ya hawa tudu, fuskarsa ɗaya ce daga wannan baki zuwa wancan. Magini ya ga ba makawa sai ya ƙara wa bango tsawo. Ya naɗe wando ya shiga, ya yi ta kwasar laka daga gindin bangon, inda ta fi laushi, yana ɗorawa a sama. Rami na ƙara zurfi, bango na ƙara tashi, kauri kuwa yana nan yadda yake.

Duk rayuwarsa ruwa mai gudu yake tsoro, wanda ke yanka gona ya tafi da jaki. Wannan kuwa ko karan da ya faɗa cikinsa bai motsa ba, gansakuka ta rufe shi, kwaɗi sun yi gida. Bai tuna da abin da kowace mace ta sani ba: randa in ta huje a wuya tsattsafowa take yi, in ta huje a gindi kuwa tsartuwa take har ta jiƙa maka zane. Ruwan da ke kwance ba barci yake ba. Na sama yana danne na ƙasa, na ƙasa yana tura abin da ya tare shi, ba ya gajiya, ba ya kuma yin ƙara.

Ɗakin da ya jingina da bangon nan na mahaifiyarsa ne, tsohuwa ce da ƙafafunta suka mutu, ko fita shan hantsi sai an ɗauke ta. Wata safiya da ya shiga gaishe ta, ta ce, "Kai, ɗakin nan ya yi sanyi. Gishirina ya narke a ƙwarya, tururuwa ma sun kwashe ƙwansu sun fice."

Ya ce, "Damina ce, Inna. Ki ƙara haƙuri, na kusa gina miki ɗaki a kan tudu."

Ta dube shi ta ce, "Wane tudu? Tudun da na sani yana da mai shi."

Ya ja mata bargo ya fita.

Da marka ta yi nisa, ruwa ya taɓa katangar matar. A can bai wuce idon sawu ba. A jikin bangon magini kuwa, ko dogon mutum ya tsaya ya ɗaga hannu sai ya shanye shi. Ran nan da rana tsaka, sama wasai, ba ko alamar hadari, magini ya zagaya ta sama ya tsuguna a gindin katangar matar. Ya danna ɗan yatsa, ya ji ƙasa ta lotsa. Ransa ya yi fari. Yana nan tsugune sai ya ga ruwan yana janyewa daga ƙafafunsa a hankali, karan nan da ya daɗe a wuri ɗaya ya kama tafiya, ya nufi gidansa. Kafin ya miƙe ya ji rugugi kamar rumbu ya faɗi. Bangon bai karye ta sama ba, inda kullum yake lallaɓawa yana yaɓe. Ta gindi ya fashe.

Sai bayan la'asar aka tono tsohuwar daga cikin laka, da fartanyarsa da kwandon da yake ɗibar ƙasa. Ba randa ɗaya da ta tsira a gidan, don haka matar nan ce ta ɗauko ruwa daga tata randar aka yi wa gawa wanka. Ta ajiye tulu ta wuce. Katangarta ta sha rana ta bushe, ta ci gaba da tsayuwarta. Shi kuwa tun daga ranar bai sake iya kallon ruwa a ƙwarya ba.

To, kai ma abin da ka tara wa wani yana nan kwance, kuma wajen zurfin yana gefenka. Shi ya sa magabata suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.