Shekarar da Makaranta ta Koma Gidan Kafinta

Kai da kake cewa girma ne ya hana ka faɗin abin da ba ka sani ba, ga misali ka auna.

A shekarar annoba, lokacin da aka rufe makarantu aka ce kowa ya zauna gida, akwai wani kafinta a wata unguwa ta bayan gari. Mutum ne mai kamun kai, gwani a sana'arsa, kujerar da ya buga sai jikoki sun gaje ta. Abu ɗaya yake ɓoyewa: bai iya karatun boko ba. Shekara da shekaru yana lulluɓe wannan da dabara. In an miƙo masa takarda, sai ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau. In 'yarsa ta kawo sakamakon jarrabawa, sai ya ɗaure fuska ya bi shi da kallo daga sama har ƙasa, ya ja wani layi mai lanƙwasa a gindin takardar, ya ce ta ƙara ƙoƙari. Matarsa kaɗai ta san gaskiya. Ita ma ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa tona masa asiri ba.

'Yar tana aji shida, a shekarar za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Da kulle ya yi tsawo, malamar ajinsu ta koma aiko darasi ta waya. Takan rubuta a allo, ta ɗauki hoto ta turo, ta roƙi iyaye su duba aikin yaransu kafin a mayar mata. Waya ɗaya ce a gidan, ta kafinta. Kullum da safe yarinyar takan shimfiɗa tabarma a bakin rumfar aikinsa, ta kwafe tambayoyi, ta yi iya yinta, sannan ta durƙusa ta miƙa masa littafin da hannu biyu. Shi kuwa ya karɓa, ya ƙura wa baƙaƙen ido ba tare da sun gaya masa komai ba, ya jinjina kai ya ce daidai ne.

Mako uku ana haka, sai malamar ta aiko saƙon murya, uba da 'ya suka saurara tare. Ta ce kuskure ɗaya yarinyar ke maimaitawa a lissafi tun makon farko, in ba a tashi tsaye ba jarrabawa za ta wuce ta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Baba, ashe tausayina kake ji shi ya sa kake cewa daidai ne. Ka riga ka gane kaina ba ya ja." Ta zuba littattafanta a jaka, ta rataye a ƙusa. Washegari ba ta shimfiɗa tabarma ba.

Kwana biyu kafinta yana aiki zarto na kauce wa layi. Katangar da ya gina don kare mutuncinsa, ga ta ta faɗo a kan 'yarsa. In ya yi shiru, za ta tashi tana ganin kanta daƙiƙiya. In ya yi magana, za ta san uban da take durƙusa wa ya daɗe yana yaudararta. A rana ta uku bayan la'asar ya sauko da jakar da hannunsa, ya shimfiɗa tabarmar, ya zauna a ƙasa ya kira ta.

Ya ce, "'Yata, laifin ba na kanki ba ne. Ni ne ban iya karatu ba. Ko sunanki aka rubuta ba zan gane shi ba."

Ya kasa kunne yana jiran abin da zai fito daga bakinta kamar mai jiran hukuncin alƙali. Can ta jawo littafin ta ce, "To bari in karanta maka."

Ta karanta tambayar: a haɗa rabi da kwata. Kafinta ya ɗago kai. Wannan ai shi ne abin da hannunsa ke yi tun kafin a haife ta, bai dai san haka ake rubuta shi ba. Ya ɗauko guntun katako, ya auna, ya yanka shi gida huɗu, ya jera a gabanta. Ya tura mata biyu, ya ƙara ɗaya. Ta dubi ukun da ke gabanta, ta dubi abin da ta rubuta, ta ɗauki fensir ta gyara da kanta. Daga ranar ita ke karantawa, shi ke aunawa. Abin da ya fi ƙarfinsu su biyun, sai ya kira malamar ya tambaya da bakinsa.

Maƙwabta sun ji, magana ta zaga unguwa. Dariyar da ya yi shekara talatin yana gudu ta zo, ba ta yi kwana biyu ba sai ta wuce. Da aka buɗe makarantu yarinyar ta rubuta jarrabawa ta ci, ko da yake da ƙyar. Amma har yau in kafinta ya tuna yadda saura ƙiris yarinya ta binne karatunta saboda kunyar da ba tata ba, sai ya ajiye guduma.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.