Akori-kurar da ke Tari a Bakin Fadama

Kawuna Ilu Maigishiri, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ba ni wannan labari. To kai ma zauna ka ji, tunda ka ce hannun mutane ne a kan duk abin da ya same ka.

Wani direba ne da tsohuwar akori-kura, da ita yake kai matan ƙauyensu kasuwa da sassafe, da ita yake ci da iyalinsa. Wata damina ruwa ya kawo gawar wani baƙo, ba wanda ya san shi. Direban aka roƙa ya ɗauka, aka binne a gindin tsamiya a bakin fadama, dab da hanya. To tun daga makon nan, in ya iso wurin, hazo na kwance a kan ciyawa, sai motar ta fara tari. Ta shaƙe, ta yi rawar ɗari, ta ja baya-baya kamar an riƙe ta ta gindi. Da ya haura tudu rana ta taɓa ta, shiru kake ji, lafiya lau. Wata ranar ma ba ta yi sam. Matan da ke baya suka daina hira in an doso tsamiyar. Ɗaya ta rantse ta ji sanyin hannu a idon sawunta. Shi kuwa ya bar duba madubi, don gudun abin da zai gani zaune a kan buhuna. Ya wanke motar da ruwan magarya, ya rataya laya, ya canza filogi. Sau uku yana kai ta gareji da tsakar rana, tana kaɗawa sumul kamar mai yi masa dariya. Mata suka koma hawan amalanke. Gidansa aka fara kwana ba a ɗora tukunya ba, har ya yanke shawarar kai ta wa masu yanka ƙarfe.

Sai wani tsohon makanike ya ce masa, "Ɗana, ba a duba marar lafiya ranar da ya ji sauƙi. Kai ni inda take yi." Suka je da sanyin safiya. Tana fara tari tsohon ya ce a tsaya, a nan, kusa da kabarin. Direba ya taka birki. Aka ɗaga bonet injin na aiki, sai ga wata shuɗiyar wuta ƴar siririya tana rarrafe, tana ƙyas-ƙyas, a kan murfin da wayoyin filogi suke haɗuwa. Direba ya kama salati. Tsohon ya sa aka kashe, ya cire hularsa ya goge murfin tas, aka tayar, ta daidaita. Ya guntsi ruwan buta ya fesa, tari ya dawo. Ya nuna masa tsaga, ba ta fi silin gashi ba. Nan raɓar fadama take shiga ta janye wutar. Ya ce, "Wannan bawan Allah yana kwance abinsa, kun ɗora masa laifi. In ka zo wucewa ka yi masa addu'a, ba shi da kowa." Aka sa sabon murfi. Ranar kasuwa mata uku suka hau, mako na gaba ta cika har da awaki.

Ni lokacin da Kawu ya ba ni labarin nan akwai wani fito da nake ji a ɗakina, na hana kaina sakat. Washegari na janye gado, na tarar da ginin ya buɗe baki iska na shiga, na kwaɓa ƙasa na liƙe abina. Ka fara duba naka, angona, kafin ka kama sunan wani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.